Itace a Cikin Kasko: Muhawara Kan Sayen Bonsai a Ƙasar Rano

Daga cikin abubuwan da zamani ya shigo mana da su, waɗanda iyayenmu ba su taɓa zama a zaure suna jayayya a kansu ba, akwai ɗan itacen nan da ake reno a cikin kasko, wanda duniya ta sani da sunan bonsai. Kuma da yake hotunansa sun riga sun cika wayoyin samari, masu sayar da itatuwan ƙawa a manyan birane kuma ba sa rasa abin da za su nuna wa mai tambaya, ba abin mamaki ba ne a ji an ta da maganarsa a Saji, ko a Rano, ko a Kibiya, inda malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ya saba da hanyar Abuja zai ce yana so ya saya ya ajiye a barandarsa, maƙwabcinsa manomi kuwa ya dube shi ya ce, Malam, ai wannan zubar da kuɗi ne. A ganina mas'alar ta fi ƙarfin a kashe ta da dariya, domin kowane ɓangare yana riƙe da hujja, hujjojin kuma sun taɓa ruwa da dukiya da amana, waɗanda duk sun fi ɗan itacen girma.

Wajibi ne a fara sanin abin da ake muhawara a kansa, gama da yawa daga cikin masu so da masu ƙi suna zaton wani jinsin itace ne dabam da Allah Ya halitta wada. Ba haka ba ne. Itace ne irin na kowa, wanda da an dasa shi a gona da ya kai tsawon danginsa. Abin da ya tsare shi shi ne hannun mai renonsa, wanda yake ajiye shi a kasko marar zurfi, yana datse masa rassa da toho, yana naɗa wa reshe wayar jan ƙarfe ko ta alminiyam domin ya karkata shi inda yake so, sa'an nan bayan shekara biyu ko uku ya cire shi ɗungum, ya kakkaɓe tsohuwar ƙasa, ya rage saiwa, ya mayar da shi cikin sabuwa. Saboda haka duk wanda aka aiko masa da 'yan ƙwayoyi a ƙunshin takarda ta hanyar intanet, aka ce masa irin bonsai ne, to, irin itace kawai aka sayar masa, sai dai an ƙara masa kuɗin suna.

Asalin sana'ar daga ƙasar Sin take, inda a kabarin wani yarima na daular Tang, wanda aka binne a can a shekarar 706, aka sami zanen hadimai a bango ɗauke da faranti mai 'yan tsirrai da duwatsu. Daga can ta ƙetara zuwa Japan tare da malaman addinin Buda, har ta bayyana a wani dogon zane na shekarar 1309, kuma mutanen Japan ne suka tsara mata ƙa'idoji suka kai ta matsayin da take a yau. Turawa sun gan ta a baje kolin birnin Faris na 1878 da na Landan na 1910, babban nunin da ake yi a Tokiyo kuwa an fara shi a 1934. Amma labarin da ya fi amfani gare mu shi ne na shekarar 1923, sa'ad da girgizar ƙasa ta rushe Tokiyo: gwanayen wannan sana'a suka tashi neman sabon mazauni, suka kafa ƙauyensu a Omiya a 1925, kuma abin da suka bi suka zaɓi wurin shi ne kyawun ruwa da ƙasa da iska. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu bukace shi nan gaba.

Masu cewa a saya, hujjarsu ta farko daga Shari'a suke ɗauko ta. Suna cewa asalin abubuwa halacci ne har sai dalili ya zo da hani, kuma babu aya ko hadisi da ya hana mutum ya ƙawata gidansa da tsiro. Bal ma Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratun Namli, ya lissafa gonaki masu faranta ran mai kallo cikin ni'imomin Ubangiji, kuma ya inganta a cikin Sahihu Muslim cewa Allah Yana son kyau. Suka ƙara da cewa Bahaushe bai taɓa ɗaukar ado abin kunya ba: maginin da ya yi wa soro zane da zanko ba a ce masa almubazzari, mai kiwon tattabaru ba a tambayarsa ribar da ya ci, kuma kayan dokin da ake fitowa da su ran hawan Salla a Rano, garin Autan Bawo, ba noma ake yi da su ba. In duk waɗannan sun halatta, suka ce, da wane ƙiyasi za a ware ɗan itace shi kaɗai a ce shi ne isirafi?

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko ratsa zuciya, ita ce ta tarbiyyar rai. Wanda yake renon irin wannan itace dole ya duba shi kullum, ya lura da launin ganye, ya taɓa ƙasa da yatsa, ya yanke reshe yau alhali ya san ba zai ga sakamakon yankan ba sai bayan damina biyu. Wannan kuwa horo ne na haƙuri da natsuwa da tafakkuri a cikin halittar Allah, a zamanin da yaro ba ya iya zama rabin sa'a bai duba waya ba. Sukan kawo labarin wani itacen fayin da aka fara renonsa a 1625 a Japan, wanda yana gidan iyalin Yamaki a birnin Hiroshima ranar da aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945, tazarar kilomita uku ko makamancin haka daga inda ya fashe, katanga ta kare shi ya tsira, har mai shi ya bayar da shi kyauta ga Amurka a 1976, yana nan a birnin Washinton har yau. Itacen da ya shekara kusan ɗari huɗu a cikin kasko, suka ce, shaida ne cewa kaka ya miƙa wa ɗa, ɗa ya miƙa wa jika, ba a sami wanda ya yi sakaci a tsakani ba. Wane gado ne ya fi wannan koya wa zuriya riƙon amana?

Sauran hujjojinsu na maslahar yau da kullum ne. Ba kowa ne yake da fili ba. Ɗan Saji da aiki ya kai Kano, yana zaune a gidan haya mai siminti tun daga ƙofa har bayan gida, ba shi da ikon dasa ceɗiya ko darbejiya, in ma ya dasa mai gida zai ce saiwa za ta fasa masa gini, ran da ya tashi kuma ba zai tafi da ita ba, alhali kasko yana shiga mota. Akwai kuma masu hango sana'a, domin kuka da tsamiya da kariya, waɗanda mu muke wucewa ba mu ɗaga kai ba, masu wannan sha'awa a ƙasashen waje suna nemansu da kuɗi.

To, masu cewa a bari ba su tsaya kan dariya ba su ma, kuma da ruwa suke buɗe magana. Ƙasarmu ruwan sama yakan sauka ne daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba ko farkon Oktoba, sauran watannin shekara kuwa rani ne. Hunturu ya zo da busasshiyar iska mai tsattsage leɓe, bazara ta biyo baya da zafin da yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Itacen da yake a ƙasa yana da dabarar da Mahalicci Ya ba shi, ya zurfafa saiwa ya bi laima inda take. Wanda yake a kasko mai zurfin yatsa huɗu ba shi da abin sha sai wanda aka zuba masa, kuma a tsakiyar bazara kaskon da aka shayar da hantsi yana iya bushewa ƙarau kafin la'asar. Gaskiya ne madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana nan kusa da mu, hanyoyin ruwanta kuma suna shayar da gonakin Bunkure da Kadawa da Kura. Amma ruwan da yake cikin madatsa dabam, wanda yake cikin randar gida dabam, kuma a gidan da yarinya take zuwa rijiya ko burtsatse da asuba, ko ake sayen jarka a hannun mai kura, duk moɗa ɗaya tana da lissafi.

Sa'an nan suka ce a dubi abin da ake sayarwa ɗin kansa. Itatuwan da suka yi suna a hotuna, irin su fayin da mafal da junifa, 'yan ƙasashen sanyi ne. Da yawansu ba sa rayuwa sai sun sami watannin ɗari mai tsanani da za su yi barci a ciki, ɗarinmu na Disamba da Janairu kuwa, ko da yake yana sa tsofaffi kwana gaban wuta, bai kai wannan ba. Irin waɗannan in sun zo nan a hankali suke mutuwa, junifa ma tana iya mutuwa ganyenta yana kore har tsawon makonni, mai ita yana ta ba gawa ruwa bai sani ba. Mai araha da ya fi yawa a kasuwannin duniya wani dangin ɓaure ne mai kumburarren gindi, wanda ake nomawa dubbai a kudancin Sin, a yi masa aure da reshe mai ƙananan ganye, a cusa a kasko. Wannan yana jure zafi, amma ba tsoho ba ne ko kusa, komai yawan shekarun da mai talla ya ɗora masa. Ga kuma akuya, wadda ba ta san bambancin aikin shekara goma da ciyawar bakin hanya ba, ga gara, ga yara.

Hujjarsu mafi nauyi a wurin malamai ita ce ta fifiko. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim, daga Anas ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, cewa duk itacen da Musulmi ya dasa, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, ana rubuta masa ladan sadaka. Ya kuma tabbata an hana tozarta dukiya. Suka ce, kuɗin da za a sayi kasko ɗaya da aka shigo da shi daga waje zai sayi dashen mangwaro mai aure da gwaiba da lemo da yawa, waɗanda cikin 'yan shekaru za a ci 'ya'yansu, a zauna a inuwarsu, a yi karatun allo a gindinsu. Kuma muna cikin zamanin da gatarin masu itacen girki da masu gawayi ya cinye marke da ƙirya a dazuzzuka, ɗorawa da kaɗanya da kakanni suka bari a gonaki suna tsufa ba a maye gurbinsu. A irin wannan hali mutum ya ɗauki ƙarfinsa da ruwansa ya ba itacen da ba ya inuwa, ba ya 'ya'yan kirki, ba ya tare iska, ai ya sa abu ba a muhallinsa ba. Wasu ma sukan zarce su ce hana itace girma canja halittar Allah ne.

Yanzu sai a auna. Zan fara da zubar da abin da ba shi da nauyi a kowane ɓangare, domin hujja mai rauni ɓata mai ƙarfi take yi. Maganar canja halitta ba ta tsaya ba. Manomin da yake faɗinta shi ne yake yi wa mangwaro aure, shi ne yake sassabe kan zogale don ya yi rassa, matan gidansa kuma kowace shekara ana hawa kuka a zage mata ganye a yanke rassa, har ta zama dunƙulalliya, domin miya. Sahabbai sun kasance suna yi wa dabino barbara, Annabi kuma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar musu sanin al'amarin gonarsu, kamar yadda ya zo a cikin Muslim. Bahaushen da ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a gona ya ga ana yi kafin ya mai da shi karin magana. A ɗaya ɓangaren kuma, maganar sana'a da fitar da kaya waje ta fi kusa da mafarki a halin yanzu, gama itace ba ya yin kuɗi sai ya shekara da yawa a hannu, ƙasashe kuma ba sa barin tsiro da ƙasarsa su ƙetare iyaka sai da takardun hukumar killace tsirrai, masu saye a gida kuwa ba su da yawa. Saurayin da yake neman abin yi, renon dashen itatuwan marmari ya fi kusa da aljihunsa.

Hujjar halacci kuwa karɓaɓɓiya ce, sai dai ba ta kai inda masu ita suke so ta kai ba. Malaman usulu, musamman Imamu Shaɗibi na Andalus a cikin Muwafaƙat, sun kasa maslahohi hawa uku: larurori, da bukatu, da abubuwan kyautatawa, kuma ƙa'idarsu ita ce na ƙasa ba ya ture na sama. Itacen kasko yana hawa na uku, babu jayayya. Wanda ya sauke nauyin iyalinsa, ba a binsa bashi, ruwa ya wadata a gidansa, ba wanda zai ce masa ya yi isirafi don ya sayi abin da idonsa zai huta a kai, kuma masu zarginsa su binciki zukatansu, kada hassada ce ta sa rigar wa'azi. Wanda kuwa ƙofar gidansa take fayau babu inuwa, baƙonsa yana tsugune a rana, ya je ya sayo wadan itace da kuɗin buhun masara, halaccin abin bai wanke shi daga wauta ba.

Inda nake ganin masu ƙi sun yi rinjaye sosai shi ne batun ruwa, ko da yake ba ta fuskar da suka fi nanatawa ba. Yawan ruwan da kasko ɗaya yake sha ba wani abu ba ne, bai kai na alwalar mutum biyu ba, kuma ruwan da aka wanke hatsi da shi ma ya isa. Abin da yake da wuya shi ne dawwama. Itacen kasko kamar ragon da aka ɗaure a turke yake: tun da kai ka hana shi zuwa kiwo, cinsa da shansa sun koma wuyanka, safe da yamma, ran Salla da ran jana'iza. Ban ce hukuncinsu ɗaya ba ne, domin abin da ya zo a hadisi na azabar matar da ta tsare kyanwa ya shafi mai rai ne mai jin yunwa, kuma fuƙaha'u ba su daidaita dabba da tsiro ba. Amma ta fuskar aiki lissafin ɗaya ne. A watan Janairu na 2019 ɓarayi sun shiga wani lambu a lardin Saitama na Japan suka sace itatuwa bakwai, cikinsu har da wanda ya shekara kusan ɗari huɗu, kuma abin da masu lambun suka roƙi ɓarayin a bainar jama'a shi ne su riƙa ba shi ruwa, domin ba zai kai mako guda ba tare da shi ba. Wannan a tsakiyar sanyin Japan ke nan. To, a ƙiyasta da Afrilun Kibiya, a kuma tuna irin rayuwarmu: mutum ya tafi cin rani wata uku, ko ya tafi Hajji, ko rasuwa ta kira shi Zariya ya kwana huɗu, ko damina ta kama shi a gona tun fitowar rana har faɗuwarta. Gwanayen Omiya sun bar babban birni sun bi ruwa. Mai saye a nan ya kamata, tun bai tambayi farashi ba, ya san sunan wanda zai riƙe masa buta ran da ba ya nan, ya kuma tabbata wannan mutum ya yarda da bakinsa.

Akwai kuma mas'alar ciniki, wadda masu so ba su cika kawowa ba. Littattafanmu na Malikiyya, tun daga Risala har Muhtasar, sun hana cinikin garari, watau sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, sun kuma ba mai saye zaɓin mayarwa in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Rabin itace a ƙarƙashin ƙasa yake, shekarunsa kuma a bakin mai talla suke, don haka dole mai saye ya yi wa kansa bincike. Ya kama gindin da yatsu biyu ya ɗan girgiza a hankali. In ya ji yana rawa a cikin ƙasa, to, jiya-jiya aka cusa shi, bai kama ba. Ya ɗaga kaskon ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ga ko akwai huda ta fitar ruwa, domin kasko marar huda ruɓar da saiwa yake yi, ya kuma sansana, gama ƙasa mai tsami tana da wari. Ya ɗan kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce: kore mai laima alamar rai ne, ruwan ƙasa busasshe kuwa alamar an makara. Ya juya ganye ya duba bayansa ko akwai farin ƙwaro mai kama da auduga. In ya ga tsakuwar da aka shimfiɗa a sama an manne ta da gam, yadda ake yi don kada ta zube a mota, ya san ruwa ba zai ratsa da kyau ba. In ya ga waya ta nutse cikin ɓawo ta yi tabo, an bar ta ta wuce lokacinta. Bayan duk wannan ya tambayi sunan itacen da ƙasar da ya fito. Mai tallan da ya amsa da cewa sunansa bonsai, ya riga ya gaya maka iyakar saninsa.

Da aka zo nan sai in ga kamar ɓangarorin biyu sun yi ta ja-in-ja a kan saye, alhali abin da ya fi dacewa da ƙasarmu ba ya bukatar saye sam. Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun ƙasar Rano, ko na wajen Rurum, ya ga dangin ɓaure da suka tsiro a tsagar dutse, inda tsuntsu ya yar da ƙwaya: ƙasar da suka samu ba ta cika tafin hannu ba, saiwarsu fara ta bi fuskar dutsen tana laluben tsaga, gindin ya murɗe ya yi kauri, rassan sun gajarce saboda iska da haƙoran awaki, tsawonsu bai wuce ƙugun mutum ba alhali sun girmi wanda yake kallonsu. Wannan siffa ita ce mutanen Sin da Japan suka gani a duwatsunsu suka yi sha'awar kawowa gida. Ba ina cewa a je a tono su ba ne; mafi yawan wanda aka ɓamɓaro daga dutse mutuwa yake yi, kuma Japan ɗin kanta sai da masu tono suka kusa ƙarar da junifar duwatsunta. Abin nufi shi ne itatuwan da suka san ranarmu da hunturunmu suna nan a bayan gida.

Ceɗiya ita ce ta farko, domin reshenta kawai ake yankewa a kafa ya kama, tana jure yanka, tana kuma sake toho ko an yi mata aski. Tsamiya tana da ƙananan ganye tun asali, abin da masu wannan sana'a suke wahalar nema, shi ya sa ake ji da ita a Indunusiya da Tailan, sai dai tana da nawa, kuma daga ƙwallo ake fara ta. Kuka tana yin gindi mai ban sha'awa tun tana ƙarama, kuma ita ce ta fi dacewa da matafiyi, gama da rani takan zubar da ganye ta huta, a lokacin nan kuwa ƙarancin ruwa ba ya kashe ta, yawansa ne yake ruɓar da ita. Gawo ban ba da shawararsa ba, saiwarsa mai nutso ce, ba ta son kasko. Sai kariya, wadda take fitar da jan fure mai haske a tsakiyar rani sa'ad da komai ya bushe, wadda masu lambuna a Tailan da Taiwan suka ɗauka suka fitar da launuka iri-iri suna sayar wa duniya, har ta yiwu wanda ya saye ta da tsada a birni yana da irinta a bakin dangarsu a ƙauye. Ita tana ajiye ruwa a kumburarren gindinta, tana yafe mantuwar kwanaki. Amma ruwan jikinta dafi ne, an daɗe ana sa shi a kibiya da kashe kifi a sassan Afirka, don haka gidan da yake da masu rarrafe ko dabbobi a sake, a yi nesa da ita ko a haƙura.

Ga masu tsoron kada wannan sha'awa ta shagaltar da mutane daga dashen gona, ina ganin tsoron ya yi yawa, domin hannun da ya koyi zaɓen reshen da za a bari da wanda za a cire ba ya mantawa in ya je gona. A jihar Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka rungumi dabarar barin tohon kututturen da yake gonakinsu, su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su datse sauran, kuma da wannan aski kawai, ba tare da dashe ba, itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada na kudancin Nijar. Ilmin ɗaya ne, sai dai can ana datsewa don itace ya tashi, nan ana datsewa don ya tsaya. Amma sharaɗin da masu ƙi suka kafa ina tare da su a kansa: mai fili ya fara da na ƙofar gida, ya kewaye shi da ƙaya har ya fi ƙarfin akuya, kafin ya waiwayi na kasko.

Wanda ya cika wannan sharaɗi, ko wanda ba shi da filin ma sam, hanyarsa mai sauƙi ce. Ya je wurin mai ginin tukwane ya sa a yi masa kasko mai faɗi, zurfinsa ya kai taƙi guda, domin kaskon Japan mai kama da faranti ba na bazararmu ba ne, a huda masa ƙasa tun yumɓu yana ɗanye. Ya haɗa yashi mai tsakuwa da ɗan burji da ruɓaɓɓen takin gida, ya guji laka zalla, wadda take daskarewa ta shaƙe saiwa. Ya ɗora shi a kan abin da ya fi tsawon akuya in ta miƙe, inda zai sami ranar safe ya tsira daga ta azahar, kuma a waje, domin ɗaki mai rufaffiyar taga ba mazaunin itace ba ne. Lokacin farawa shi ne faɗuwar damina, sa'ad da ruwa ya zauna. Reshen ceɗiyar da aka kafa a watan Yuni, kafin a yanke gero za a san ko ya kama, kuma ba a sa masa almakashi ko waya sai damina ta zagayo.